Yadda Ake Shirya Gida Kafin Bala'i Ya Afka wa Yankinku

Kowace gunduma ko ƙaramar hukuma a duniya tana da irin bala'in da ya san hanyarta. Wata ambaliya ce ke damunta, wata girgizar ƙasa, wata guguwa mai yaye rufin gidaje, wata gobarar daji, wata kuma tsananin zafin da ke kashe tsofaffi a ɗakunansu ba wanda ya ji motsi. Hukuma tana da nata nauyin: hasashen yanayi, gyaran magudanan ruwa, 'yan kwana-kwana, matsugunin waɗanda suka rasa muhalli. Amma duk ƙoƙarinta, motar agaji ba za ta isa kowace ƙofa a sa'ar farko ba, wani lokacin ma har a kwana a tashi ba ta iso ba, don hanya ta yanke ko gada ta karye. Da girgizar ƙasa ta afka wa birnin Kobe na Japan ranar 17 ga Janairun 1995, sama da mutum 6,000 suka mutu, kuma mafi yawan waɗanda aka zaro da rai daga ƙarƙashin ɓaraguzai 'yan uwansu ne da maƙwabtansu suka zaro su. Wannan fa Japan ce, da kayan aikinta da tsarinta.

Sa'o'in farko na mutanen gida ne da na kusa da su. A irin wannan lokaci kuma hankali ba ya cika zama a jiki, mutum sai ya tsaya neman takalmi ruwa yana shigowa. Shi ya sa babban shiri shi ne shawarar da aka yanke tun ana zaune lafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga yadda za ka bi abin daki-daki.

Mataki na farko: san abin da ke barazana ga gidanka

Ba gunduma kawai za ka duba ba, filin da gidanka yake zaune a kai za ka duba, domin gida biyu a unguwa ɗaya, ɗaya a tudu ɗaya a kwari, haɗarinsu ba ɗaya ba ne. Fara da ofishin da ke kula da agajin gaggawa ko tsara ƙasa a yankinku. Ka tambaye su taswirar wuraren da ruwa ke ci, da inda ƙasa ke zaftarewa, da hanyoyin da aka ware na ficewa, da gine-ginen da ake tsugunar da mutane. Wurare da yawa sun saka irin wannan taswira a intanet.

Daga nan sai ka nemi waɗanda suka daɗe a unguwar. Kada ka raina wannan, don sau da yawa tsoho ya fi taswira sani. Tambaye su: ina ne ruwa ya taɓa kaiwa mafi nisa? Ta wace kusurwa yake fara shigowa? Wace hanya ce ke fara yankewa? A tsibirin Simeulue na Indonesiya, labarin igiyar ruwan da ta cinye mutane a 1907 ya ci gaba da yawo daga bakin kakanni zuwa jikoki, cewa in ƙasa ta girgiza kuma teku ya janye, a gudu kan tudu. Da tsunamin 26 ga Disambar 2004 ta zo, wadda ta kashe kusan mutum 230,000 a ƙasashe da dama, mutum bakwai kacal aka rasa a wannan tsibiri mai mutane sama da 70,000.

Sai kuma ka zaga da ƙafarka bayan an yi ruwa mai ƙarfi. Duba inda ruwa ke kwanciya, da kwalbatin da shara ta toshe, da tabon laka a jikin tsofaffin katangu, wanda ke nuna maka iyakar inda ruwa ya taɓa tsayawa. Ka bincika ko akwai madatsar ruwa a saman garinku, ko da tana da nisa. Busasshen rafi ma abin tsoro ne. Kwarin da ya ratsa birnin Darna na Libiya yakan bushe mafi yawan shekara, amma a daren 10 zuwa 11 ga Satumbar 2023 madatsun ruwa biyu da ke samansa suka fashe, ruwa ya kwashe unguwanni sukutum zuwa cikin teku da dubban mutane.

Wata magana da ke yaudarar mutane: in aka ce wuri yana cikin yankin ambaliyar shekara ɗari, ba ana nufin sai bayan shekara ɗari za ta dawo ba. Ma'anarsa kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100. In ka zauna a gidan shekara 30, yiwuwar ta same ka aƙalla sau ɗaya ta kai kashi 26 cikin 100, wato sama da ɗaya cikin huɗu. Tana kuma iya zuwa bana ta sake zuwa baɗi.

Mataki na biyu: ta ina gargaɗi zai iso maka?

Ka tanadi hanya aƙalla biyu waɗanda ba su dogara da juna ba. Waya tana da kyau, amma turakun sadarwa suna faɗuwa, caji yana ƙarewa. Ƙaramar rediyo mai batir ba ta da waɗannan matsaloli. Ka san tashar da ke kawo sanarwar hukuma, ka yi rajistar saƙon gargaɗi in ana aikawa a yankinku, kada kuma ka kashe ƙarar waya da dare idan an yi hasashen mummunan yanayi. Sanarwar da aka turo a WhatsApp ko Facebook ba tare da sunan hukumar da ta fitar ba, tabbatar da ita kafin ka yaɗa.

Gargaɗi yana aiki in an ji shi kuma an bi shi. Guguwar Bhola ta Nuwambar 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000 a ƙasar da yanzu ake kira Bangaladash. Bayan haka aka gina matsugunai masu tsayi, aka horar da dubban 'yan sa-kai masu bin ƙauyuka da lasifika. Da guguwar Amphan ta zo a Mayun 2020, an kwashe sama da mutum miliyan 2, waɗanda suka mutu a ƙasar kuwa ba su kai 40 ba.

Mataki na uku: yanke shawarar lokacin tashi tun yanzu

A ganina nan ne zuciyar maganar, kuma nan ne aka fi sakaci. Mutane da yawa da suka mutu a bala'i sun ji gargaɗi. Abin da ya cinye su shi ne "bari mu ga yadda za ta kaya". Mutum yana jin nauyin barin gidansa, yana tsoron ɓarayi, yana kunyar a ce ya gudu ba abin da ya faru. Duk waɗannan dalilai ne da ake fahimta, amma ruwa da wuta ba sa jira a gama shawara.

Maganin wannan shi ne ku zaɓi alama guda wadda kowa zai iya gani da idonsa, ku yi alkawari a kanta. Misali: in ruwa ya taɓa matakala ta biyu ta ƙofar gida, ko ya rufe kwalbatin bakin titi, mun tashi. In hukuma ta ce a fice, mun tashi ba gardama. In muka ga hayaƙin gobarar daji iska tana kaɗo shi wajenmu, mun tashi. Ku rubuta a takarda ku manna a bango. Amfanin rubutawa shi ne ranar da abin ya zo ba za a tsaya muhawara tsakanin miji da mata ko uba da ɗa ba, an riga an gama ta.

Kada kuma ka jingina komai ga sanarwar hukuma, domin takan makara. A gundumar Ahrweiler ta Jamus, a daren 14 zuwa 15 ga Yulin 2021, sama da mutum 130 suka mutu duk da cewa masana yanayi sun yi hasashen ruwan tun kwanaki kafin nan. Umarnin ficewa bai fito ba sai da dare ya yi nisa. A yankin Balensiya na Sifaniya, ranar 29 ga Oktobar 2024, saƙon gargaɗi ya shiga wayoyin jama'a bayan ƙarfe takwas na dare, lokacin ruwa ya riga ya rutsa da mutane a tituna da garejin ƙarƙashin ƙasa, wasu sun sauka ne don su fitar da motocinsu. Sama da 220 suka mutu. In alamarka ta cika, ka tafi ko da ba a ce komai ba. In kuwa gidanku akwai tsoho, ko mara lafiya, ko mai juna biyu, ko jariri, ku matso da alamar kusa, ku riga kowa tashi, kuma da rana ido na ganin ido.

Ka san hanya biyu ta fita daga unguwarku, ka bi su da ƙafa ka ga ko akwai gada ko kwari a tsakani. A garin Paradise da kewayensa a gundumar Butte a jihar Kalifoniya ta Amurka, gobarar 8 ga Nuwambar 2018 ta kashe mutum 85, galibinsu tsofaffi, kuma 'yan hanyoyin fita daga garin sun cushe da motoci a lokaci guda. Mai mota kada ya bari tankinsa ya sauka ƙasa da rabi a lokacin da ake fargaba. Wanda ba shi da abin hawa ya san tun yanzu wa zai ɗauke shi.

Mataki na huɗu: zaman iyali

Bala'i ba ya jiran kowa ya dawo gida. Yara suna makaranta, wani yana wurin aiki, wata ta fita. Ku tsayar da wurin haɗuwa biyu, ɗaya kusa da gida saboda gobara, ɗaya a wajen unguwa saboda in an hana shiga. Ku zaɓi ɗan uwa guda da ke wani gari mai nisa wanda kowa zai sanar da shi inda yake. Yara su haddace lambarsa, a kuma rubuta musu a takarda a saka a jakar makaranta. In layi ya cushe, tura rubutaccen saƙo, yakan wuce lokacin da kira ya ƙi shiga. Ka tambayi makarantar yaranka me suke yi da ɗalibai in abu ya faru, don kada ka jefa kanka cikin ruwa kana neman yaron da an riga an kai shi tudu.

A raba aiki da suna: wane zai ɗauki jariri, wance za ta ɗauki jakar takardu, wane zai kashe wuta da gas. Duk babban da ke gidan ya san inda babban makunnin lantarki yake da yadda ake rufe tukunyar gas da famfon ruwa.

Mataki na biyar: ruwa, sannan sauran kaya

Ruwan sha ne kan gaba. Ƙa'idar da aka saba bayarwa ita ce kusan lita 4 ga kowane mutum a rana, na aƙalla kwana 3. Gida mai mutum shida ke nan yana buƙatar lita 72. Wannan na sha ne da ɗan abin da ba a rasa ba. Ma'aikatan agaji suna lissafa lita 15 ga mutum a rana in an haɗa da girki da tsafta. Zuba a jarkoki masu murfi waɗanda ba a taɓa zuba mai ko sinadari a ciki ba, ka ɗora su a kan wani abu mai tsayi, kada su taɓa ƙasa, ka riƙa sabunta ruwan duk wata shida.

In ajiya ta ƙare, tace ruwan da tsumma mai tsabta, ka tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko minti uku in kuna kan tsauni mai tsayin sama da mita 2,000. In ba halin tafasawa, ɗiga ɗigo 2 na ruwan bilic (sinadarin da ake wanke fararen tufafi da shi) mara ƙamshi a kowace lita, ka jira minti 30. In ruwan ya yi duhu, ninka ɗigon. Tafasawa da bilic suna kashe ƙwayoyin cuta ne kawai, ba sa cire fetur ko maganin ƙwari, don haka ruwan da ke warin mai a bar shi. Gudawa ce ke bin bayan ambaliya, kuma yara take fara kayarwa. Ajiye ƙunshin gishiri da sukari na asibiti. In babu, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe ba tozo.

Abinci kuwa, a ajiye wanda ba ya lalacewa kuma ba ya buƙatar wuta, na kwana uku, irin wanda mutanen gidan suka saba ci.

Sai jakar tafiya, wadda mutum ɗaya zai iya saɓawa ya yi sauri da ita. A ciki: tocila da batir, rediyo, fawabank mai caji, ashana a cikin leda, usur don kiran taimako, bandeji da auduga da maganin wanke ciwo, sabulu, takunkumin hanci, bargo mara nauyi, kayan sawa na canji, audugar mata, kayan jariri, da 'yan kuɗi a hannu ƙananan takardu, tunda na'urar cire kuɗi ba ta aiki in ba wuta. Mai ciwon sukari, ko hawan jini, ko asma, ko farfaɗiya, ya ajiye maganin aƙalla mako ɗaya tare da takardar da ke ɗauke da sunan maganin da adadinsa. Wannan ya fi komai na cikin jakar muhimmanci ga mai shi.

Takardun gida da fili, katin shaida, takardun haihuwa da na makaranta, a saka su a leda mai rufewa a ninka biyu. Ɗauki hotonsu ka tura wa kanka da wani amintacce. Ka ɗauki bidiyon ɗakunanka da kayan ciki, zai yi amfani wajen neman diyya. Mai inshorar gida ya karanta takardarsa da kyau, domin a ƙasashe da dama inshorar gida ta gama-gari ba ta biyan ɓarnar ambaliya ko girgizar ƙasa sai an sayi nata daban. Jakar nan a rataye ta kusa da ƙofa, kada a danne ta a ƙasan akwati.

Mataki na shida: gyara gidan kansa

Yi abin da ya dace da haɗarin da ka gano. Yankin ambaliya: kwashe shara daga magudana, ɗaga kayan lantarki da buhunan ajiya sama, a mayar da soket sama da inda ruwa ya taɓa kaiwa. Yankin iska: duba ƙusoshin rufi da yadda katakonsa ya kama bango, sare reshen da ya rankwafo kan ɗaki. Yankin girgizar ƙasa: ɗaure kabad da kanta a bango, kada a rataye abu mai nauyi a saman gado. Yankin gobarar daji: share busasshiyar ciyawa da ganye da itace daga jikin gida da saman rufi, don tartsatsin da iska ke ɗaukowa shi ke kunna yawancin gidaje.

Mataki na bakwai: in abin ya zo

Ambaliya: kada ka shiga ruwa mai gudu. Ruwan da bai wuce santimita 15 ba, wato ɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da babban mutum. Santimita 30 tana ɗaga ƙaramar mota, 60 kuwa tana tafiya da manya. Kuma ba ka ganin ko titin da ke ƙasa yana nan ko ya zaizaye. In ruwa ya rutsa ku a gida, ku hau sama, amma kada ku shige cikin silin ko ɗakin da ba shi da mafita. A guguwar Katrina ta 2005 a Amurka, mutane sun maƙale a ƙarƙashin rufin gidajensu ruwa ya same su a can.

Girgizar ƙasa: durƙusa, shiga ƙarƙashin tebur mai ƙarfi, kare kai da wuya, ka riƙe ƙafar teburin har ta lafa. Gudu waje ana cikin girgiza yana sa abin da ke faɗowa ya same ka. Bayan ta tsaya, fita ta matakala, kada ka koma ginin da ya tsage. A Turkiyya da Siriya, ranar 6 ga Fabrairun 2023, girgiza ta biyu mai ƙarfin 7.5 a ma'aunin girgizar ƙasa ta biyo bayan ta farko da kusan awa tara, ta ƙarasa gine-ginen da suka raunana. In kana bakin teku kuma girgizar ta yi ƙarfi ko ta daɗe, nufi tudu nan take.

Guguwa: ɗakin da ke tsakiyar gida, nesa da taga. Tsawa: in ka ji ta, to tana iya samunka, shiga gini, kada ka fake a ƙarƙashin bishiya, ka jira minti 30 bayan ƙara ta ƙarshe. Zaftarewar ƙasa takan nuna alama: sabuwar tsaga a ƙasa, bishiyoyi ko turakun wuta sun karkata, ƙofa ta fara cijewa, rafi ya rikiɗe ya zama laka ko ya ragu farat ɗaya. Tsananin zafi kuma kada a ɗauke shi wasa, a 2003 ya kashe kusan mutum 70,000 a Turai. Wanda jikinsa ya yi zafi rau, ya rikice ko ya suma, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti.

Mataki na takwas: maƙwabta

Zauna ka lissafa gidajen da ke kewaye da kai. Wa ke zaune shi kaɗai? Wa ba ya ji, wa ba ya gani, wa ba ya iya tafiya? A garin Sinzig, cikin waccan ambaliya ta Jamus, mutum 12 masu naƙasa suka nitse a gidan da ake kula da su saboda ba a kwashe su da wuri ba. Kowane irin wannan mutum a unguwarku ya kamata a ce akwai wanda aka ɗora wa alhakin buga masa ƙofa, da wanda zai maye gurbinsa in ba ya nan. Ku san kuma wa ke da tsani, wa ke da babbar mota, wa ya iya taimakon farko. Mai dabbobi ya tsara inda zai kai su da wuri, in lokaci ya ƙure ya kwance su kada ya bar su a ɗaure.

Mataki na tara: gwaji, da komawa gida

Ku gwada shirin sau biyu a shekara. Kashe fitila da dare, ka ce kowa ya ɗauki abin da aka ba shi ya fita zuwa wurin haɗuwa. A nan za ku gano batir ya mutu, ko makullin ƙofar baya ya ɓace, ko jakar ta fi ƙarfin mai ɗaukarta. A ranar ne kuma za a sabunta ruwa da magani.

Bayan bala'i ya wuce ma ana rasa rayuka, don haka kada a yi gaggawar komawa sai an tabbatar ginin lafiya yake. In ka ji warin gas, kada ka kunna ashana ko makunni, buɗe ƙofofi ka fita. Duk wayar lantarkin da ta faɗo, ɗauka tana da wuta. Kada a maido da lantarki a gidan da ya jiƙe sai ma'aikacin wuta ya duba. Sa takalmi mai kauri da safar hannu, ka riƙa taɓa tarkace da sanda tukuna, saboda macizai da kunamu ma tudu suke nema. Abincin da ruwan ambaliya ya taɓa a zubar. Firji in ba a buɗe shi ba yana riƙe sanyi kusan awa 4, firiza cikakkiya kuwa awa 48. Rijiyar da ruwa ya shiga ba a shan ta sai an yashe an zuba mata magani. A buɗe tagogi a shanya kaya cikin kwana ɗaya zuwa biyu, kafin fumfuna ta kama bango da katifa.

Janareta kuma a waje ake kunna shi, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, bakin hayaƙin yana kallon nesa da gida. Haka gawayi, ba a shiga da shi ɗaki a rufe. Iskar kabon monoksaid da suke fitarwa ba ta da launi ba ta da wari, tana iya kashe mutanen gida duka suna barci. In mutum biyu ko uku suka fara ciwon kai da jiri da tashin zuciya a lokaci guda, a fitar da kowa waje nan take, a kashe injin, a nemi likita.